Na Yi Odar Abaya Lamba 58 Aka Kawo Mini 54, Mai Kaya Ta Ce Ba A Mayarwa

Assalamu alaikum Anti. Ni ƙanwarki ce daga Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Bikin ƙanwata saura mako ukku, maigida ya ba ni kuɗɗin kayan fitar biki. Nig ga wata abaya ga wata mai saida kaya a Instagram, tana Kano, nit tura mata naira dubu 65 da dubu 4 na mota. Na rubuta mata ƙarara lamba 58 nika so, don ni doguwa ce. Da kaya sunka iso tasha nik kai gida nib buɗe, sai nit tarar 54 ce, ko idon sawuna ba ta rufe ba. Da niy yi mata magana tac ce 58 ta ƙare shi ya sa tas saka mini wagga, wai kusan ɗaya ne, kuma in duba shafinta an rubuta ba a maida kaya ba a musanya. Tun shekaranjiya ba ta ƙara amsa mini ba.

Takalmi kuma ga wata babbar manhajar saye da sayarwa nis saye shi, dubu 22, lamba 41 da nika sawa kullum. 41 ɗin anka kawo, amma ya matse ni ƙwarai. Yau kwana biyar da karɓa, ban fita da shi ba, kan kafet kawai nig gwada. Ƙawata ta ce in ɗan ɓamɓare gindin takalmin in ce haka anka kawo shi, mai abaya kuma in watsa hotonta a Facebook in ce ɓarauniya ce. Har yanzu ban faɗa ma maigida ba, kunya nika ji, don ya ce in tafi kasuwa in gani da idona nik ƙi. Anti mi za ni yi? Ina da haƙƙi ko dai in haƙura?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanya alheri a bikin, Ya kai mu lafiya.

Kin haɗa mini matsala biyu a leda ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Zan fara da takalmin duk da abayar ta fi shi tsada, saboda shi ne lokaci ke neman ƙure wa. Manyan kasuwannin intanet na gida irin su Jumia da Konga, wa'adin da suka saba bayarwa na mayar da kaya kwana 7 ne daga ranar da aka miƙa wa mutum, wasu na ƙasashen waje kuma nasu ya fi haka tsawo. Ke kin riga kin ci biyar. Don haka yau ɗin nan, kafin ki ɗora tukunyar dare, ki buɗe manhajar, ki shiga cikin odar, ki karanta ƙa'idar mayarwa da ke jikin wannan takalmin, ki shigar da buƙatarki. Inda aka tambayi dalili ki faɗi gaskiya: ya yi mini kaɗan. Ki juya takalmin ki ɗauki hoton ƙasansa a ga babu ƙura babu ƙarzuwa, ki mayar da shi cikin kwalinsa da takardunsa da duk abin da ya zo da shi. Idan mai kayan ya kira ki ya ce ki janye ƙorafin ku daidaita a WhatsApp, kada ki yarda har sai kin ga alat ya shigo. Duk maganar da aka yi a wajen manhajar, masu manhajar ba su san da ita ba, kuma ba za su tsaya miki a kanta ba.

Sai dai ina son ki san a kan me kike tsaye game da takalmin nan, don kada ki shiga da ƙarfin da ba ki da shi. Kin ce 41, an kawo 41. Mai kaya ya cika abin da aka yi ciniki a kansa. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya mayar ko da babu wani dalili, don kawai ya sake tunani. Tamu dokar ba ta buɗe wannan ƙofar ga kowane ciniki ba. Abin da kike riƙe da shi a nan alkawarin da kasuwar ta ɗauka da kanta ne, cewa za ta karɓi kaya cikin kwana kaza idan ba a yi amfani da su ba. Alkawari ne mai ƙarfi, domin a kansa kika biya kuɗinki, kuma sharaɗin da aka gindaya a ciniki wajibi ne a cika shi. Amma yana da ranar ƙarewa, kuma yana iya zuwa da cewa kuɗin aike ba zai dawo ba. Idan haka ƙa'idarsu ta ce, ki karɓi sauran ki gode wa Allah.

Akwai hanya ɗaya da takalmin zai iya tashi daga alfarma ya koma haƙƙi. Ki koma shafin da kika saye shi ki duba ko sun sa jadawalin awo. Idan sun rubuta cewa 41 ɗinsu santimita kaza ne, ki ɗauko tef ɗin tela ki auna cikin takalmin daga dunduniya zuwa baki. In ya gaza abin da suka rubuta, to ba a kawo miki abin da aka siffanta ba, kuma wannan shi za ki rubuta a matsayin dalili. Lamba a jikin takalmi ba ta da ma'ana ɗaya a duniya. A lissafin masana'antun ƙasar Sin 41 na nufin ƙafa mai santimita 25.5, a wurin wasu kamfanonin Turai kuma 41 yakan kai 26 ko ya ɗan haura. Rabin santimita a takalmi mai rufaffen baki ba ƙaramin abu ba ne, balle ga ƙafar da ta saba da silifas ta baje.

Shawarar ƙawarki ta ɓamɓare gindin takalmi kuwa, ki bar ta inda kika ji ta. Na san da ƙauna ta faɗa, tana jin zafin kuɗinki, amma ha'inci ne tsagwaronsa. Hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, bai tsaya kan masu sayarwa kaɗai ba. Mai saye ma yana iya yin algus. Kuma ko ta fuskar dabara ba ta ɓullewa. Ana duba kayan da aka mayar kafin a biya, idan suka ga alamar hannu ne ya ɓamɓare sai su dawo miki da shi, ki tashi ba kuɗi, ga takalmin da ko sayar da shi ba za ki iya ba.

Yanzu mu zo kan abaya, inda nan ne raina ya ɓaci da na karanta wasiƙarki.

Wai kusan ɗaya ne. Duk mai sayar da abaya ta san lambobin nan, 52, 54, 56, 58, 60, tsawon riga ne a inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Tsakanin 54 da 58 inci huɗu ne, sama da santimita 10, faɗin tafin hannun babban mutum. Riga in ta yi tsawo tela zai rage ta cikin minti goma. In ta gaza babu inda zai samo yadin, sai dai ya yi mata ƙari da wani ƙyalle, kuma abayar dubu 65 da aka yi wa ƙari ta tashi daga kayan fitar biki. Na taɓa tsayawa a shagon wani tela a Tsohuwar Kasuwa wata baiwar Allah ta kawo irin wannan. Ya juya bakin rigar, ya sa farce ya buɗe kalmasar, abin da ke ciki bai kai faɗin yatsa ba, ga duwatsun ado an jera su har bakin. Ya ninke ya miƙa mata ya ce, Hajiya sai dai ki ba wadda ba ta kai ki tsawo ba. Ita ma haka ta fita tana zargin kanta, alhali ba ita ta yi kuskuren ba.

To ke ma ba ke kika yi ba. Kin faɗi lambarki a rubuce. Da 58 ta ƙare, abin da ya wajaba a kanta shi ne ta kira ki ta ce, ta ƙare, in sa miki wata ko in dawo miki da kuɗinki? Ba ta yi ba, ta zaɓa miki da kanta ta ɗora a mota. Wannan ba cinikin da kuka ƙulla ba ne.

Dokar ƙasa tana bayanki a nan. Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa a kasuwanci ta shekarar 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar da ke karɓar ƙorafin masu saye. Sashe na 121 ya ce idan mutum ya sayi kaya bisa siffantawa ko samfur kaɗai, dole abin da za a kawo masa ya dace da wannan siffar. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kaya a biya shi kuɗinsa cif idan bai samu damar duba su ba kafin a kawo, kuma ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace saboda ba su yi daidai da abin da aka siffanta ba. Kamar don ke aka rubuta shi. Sashen ya ƙara da wani abu da ya kamata kowa ya sani: idan ka gaya wa mai kaya takamaiman abin da kake son kayan su yi maka, aka kawo suka kasa, nan ma kana da damar mayarwa. Wato da a ce kin aika wa mai takalmi awon ƙafarki kin ce ya zaɓa miki wanda zai yi, da nauyin matsewar a wuyansa yake. Sashe na 132 kuma na kaya masu aibi ne, ya ba da wata uku a mayar da su, kuma ɗawainiyar mayarwar a kan mai sayarwa take.

Rubutun da take fakewa da shi, na ba a mayarwa ba a musanya, sashe na 129 ya yi maganinsa. Ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi. An gwada wannan a gaban alƙali. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya shigar kan kamfanin sufuri na Peace Mass Transit, wanda ya ƙi mayar masa da kuɗin tikiti bisa hujjar cewa in an biya ba a mayarwa. Kotu ta ce wannan ƙa'idar ta saɓa wa doka, ta kuma umarci a biya shi diyyar naira 500,000. Kada ki ɗauka dokar ta manyan kamfanoni ce kawai. Duk wanda ke sana'ar sayar da kaya ta shafe shi, ko da shagonsa bai wuce wayar hannunsa ba.

Ni a ganina rubutun nan yana da inda yake da amfani. Mai kaya tana da damar kare kanta daga wadda za ta sa riga ta je biki, ta sha hotuna, ta dawo da ita washegari ta ce ba ta yi mata ba, kuma muna da masu yin haka a cikinmu. Amma ba zai zama lasisin aika wa mutane abin da ba su ce ba.

Kuma tun kafin a yi wannan dokar, mu nan Sakkwato muna da wannan hukuncin a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Mutane suna ɗauka sayen abin da ba ka gani ba sabon abu ne da waya ta kawo, cinikin biri a sama. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo mas'alar a Muwaɗɗa: fatake za su zo da dilolin tufafi a ɗaure, mai kaya ya karanta wa masu saye takardar bayani, cewa a kowace dila akwai mayafi kaza na Basra, awonsu kamu kaza, su saya ba tare da an kwance ba. Idan an buɗe suka ga kamar sun yi tsada suka yi nadama fa? Malik ya ce cinikin ya hau kansu matuƙar kayan sun dace da takardar da aka sayar musu a kanta. Ki lura da sharaɗin, matuƙar sun dace. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ƙila kin karanta a Islamiyya, ita ma ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Siffar ita ce ginshiƙin cinikin. Ki ɗora kayanki biyu a kan wannan ma'auni, za ki ga takalmi ya dace da takardarsa, abaya ba ta dace ba. Shi ya sa na ce miki hukuncinsu daban.

Inda kuskuren na mai saye ne, addini ya buɗe wata ƙofar, wadda malamai ke kira iƙala, wato mai kaya ya yarda a warware ciniki don tausaya wa wanda ya yi nadama. Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya warware wa Musulmi cinikinsa, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wannan roƙo ake yi, da lallami. Amma a kan abayarki ba roƙo za ki yi ba, naki za ki nema, kuma ina son muryarki ta nuna kin san bambancin.

Ga yadda za ki bi. Da farko abayar nan kada ta ƙara taɓa jikinki. Kada ki wanke, kada ki kai wa tela, kada ki cire takardar wuyanta. Ki nisanta ta da kaskon turare da humra, domin ɗakunanmu ba sa rabuwa da ƙamshi, kuma yadin abaya yana kama shi nan da nan. Tana shinshinawa za ta ce an sa an fita. Ki shimfiɗa ta a kan gado, ki ɗora tef daga saman kafaɗa kusa da wuya har bakin ƙasa, ki ɗauki hoto yadda lambar tef ɗin za ta fito, ki ɗauki na takardar da aka rubuta 54, sannan ki ninke ta ki mayar cikin ledarta ki ɗaure. Ki ɗauki hoton duk hirarku tun daga sallamar farko, musamman inda kika ce 58 da inda ta amsa da bakinta cewa ta ƙare ta sa miki wata. Wannan amsar tata ita ce babbar shaidarki, ki adana ta yau kafin ta goge. Ki haɗa da rasit ɗin tura kuɗi mai ɗauke da sunan asusun da hoton tallar abayar a shafinta.

Sannan ki aika mata saƙo guda, a rubuce, ba na murya ba, kuma ba zagi a ciki. Misali: "Salamu alaikum Hajiya. Ranar kaza na biya naira dubu 65 na abaya lamba 58, kika aiko mini 54 ba tare da kin tambaye ni ba. Ban karɓi wannan ba, tana nan a ledarta yadda ta zo. Ina son ki aiko mini 58 ko ki dawo mini da kuɗina nan da kwana uku. Kuɗin motar mayarwa a kanki yake tunda canjin daga wurinki ne. Idan ba mu daidaita ba zan kai ƙorafi hukumar FCCPC da shaidun da ke hannuna." Kalmar nan ta ban karɓa ba tana da muhimmanci, domin doka tana duba ko kin ƙi kayan da wuri ko kin yi shiru har lokaci ya ja. Da yawa daga masu sayarwa, da zarar sun ga mutum ya san abin da yake yi kuma bai zo da faɗa ba, sai su sauko.

Idan ta amince, kada ki ɗauki abaya ki ba direba haka kawai ki zauna jiran alat. Mafi aminci a samu wani naku a Kano, a aika masa, ya kai mata hannu da hannu, ta duba a gabansa, ta tura kuɗi ko ta ba shi 58 ya auna kafin ya baro wurin. In har ta matsa a kan kuɗin mota, kuma kika ga dubu huɗu ce za ta hana dubu 65 dawowa, ni zan ce ki sarayar da huɗun. Haƙƙinki ne, amma biki na matsowa, kuma kina da ikon yafe wani ɓangare don ki tsira da babban.

Idan ta ci gaba da shiru, ki bincika ko tana da shago. Da yawa daga masu tallar abaya a waya dillalai ne, hoto suke ɗauka a shagunan Kantin Kwari da makamantansu, sai an biya su je su ɗauko, wanda ƙila shi ne ma dalilin da 58 ta ƙare bayan kin biya. In tana da shago ko wanda take ɗaukar kaya a wurinsa, shugabannin kasuwa suna sasanta irin wannan kullum, kuma ɗan kasuwa yana jin nauyin a kira shi gaban shugabanninsa fiye da yadda yake jin saƙon waya. In wannan bai samu ba, ki shigar da ƙorafi a shafin intanet na FCCPC, ba a biyan ko kwabo, ki ɗora hotunan nan duka. Dokar ta kuma ba ki damar zuwa kotu kai tsaye. Sai dai ki sani waɗannan hanyoyin suna cin lokaci, ba lalle su ƙare kafin ranar ɗaurin aure ba. Banki kuwa ba zai janyo kuɗin da kika tura da hannunki don kun saɓa a kan lambar riga ba, kuma kada ki je ki ce musu damfara aka yi miki alhali an aiko kaya. In ta rufe shafi ta ɓace gaba ɗaya, wannan wata magana ce, a nan ne za a sanar da banki da 'yan sanda.

Batun watsa ta a Facebook, ki yi hattara ƙwarai. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, maganar ta kai ga an kama ta, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Mutane da yawa sun ga an zalunce ta, ni ma haka na gani, amma wahalar ta riga ta sha. Ba ina ce miki ki rufe baki ba ne. Kina da damar faɗa wa mutane abin da ya faru: na biya 58, an kawo 54, an ƙi karɓa, ga shaida. Wannan gaskiya ce da za ki iya tsayawa a kanta ko'ina. Amma ɓarauniya kalma ce mai nauyi, kuma matar nan ta aiko kaya. Ta yi miki ba daidai ba, ba ta gudu da kuɗinki ba. Kina sa hotonta da wannan kalmar kin miƙa mata sandar da za ta doke ki da ita, kuma kin rufe ƙofar sulhu da hannunki. Ko faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya faru ma ki bar shi a ƙarshe, bayan wa'adin da kika ba ta ya cika.

Kada kuma ki ɗora bikin ƙanwarki a kan wannan rigimar. Mako uku ya isa ki shiga Babbar Kasuwa ki yanki yadi mai kyau tela ya ɗinka miki daidai tsawonki, ko ki gwada ɗinkakkiya a jikinki kafin ki biya. Idan duk hanyoyi suka toshe, 54 lamba ce da mata da yawa ke sawa, za ki samu mai saye a dangi ko a unguwa ko da da ɗan ragi. Amma ranar da kika sayar da ita kin sallama haƙƙin mayarwa, don haka kada ki yi gaggawar wannan.

Ba zan ce miki ki daina saye ta waya ba, domin akwai abin da ba za ki samu a nan ba sai can, kuma akwai mata masu amana da ke ciyar da gidajensu da wannan sana'ar. Abin da za ki canza kaɗan ne. Ki sa tela ya auna ki sau ɗaya, tsawo, ƙirji, ƙugu, hannu, ki ajiye a waya, ki tuna tef fuska biyu gare shi, inci da santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ƙafa kuma ki taka farar takarda da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura, a zagaye ta da biro a auna. Kafin ki biya ki ce mai kaya ta ɗora tef a kan ainihin rigar da za ta aiko ta yi miki bidiyo, ki kuma rubuta mata cewa in ba wannan awon aka kawo ba za ki mayar a kuɗinta, ki jira ta amsa da to. Inda akwai damar biya bayan an kawo, ki zaɓe ta. In kaya sun iso, ki kunna bidiyo kafin ki yage ledar.

Saura maigida. Na fahimci kunyar, ya ce ki je kasuwa kin ƙi, ga shi abin da ya guda ya faru. Amma kuɗinsa ne, kuma ranar biki zai ga ba abayar ba takalmin, ya ji daga baya cewa kin yi mako uku kina ɓoye masa. Wannan zai fi yi masa ciwo fiye da dubu 65. Ƙila ya ce ai na faɗa miki. Ki bar shi ya faɗa, ki ce gaskiya ne, kada ki tsaya kare kanki a kan wannan. Yau bayan isha, in ya ci abinci ya natsu, ki ɗauko ledar ki ajiye a gabansa, ki nuna masa inda kika rubuta 58 da amsar da ta ba ki, ki nuna masa kin riga kin shigar da buƙatar mayar da takalmin, sannan ki tambaye shi wa yake da shi a Kano da zai iya kai mata abayar hannu da hannu.